Akwatin Yaya Ummaru a Taron Masu Shigar Dodanni

Tun da muka dawo daga Ikko ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburin bakin tasha ba. Da na zauna sai wani ya matso, "Attahiru, wai da gaske kun kai wa aljannu talla?" Wani ya ce ya ji an ɗaure mu. A Bodinga ma har an tare matata an yi mata jaje, wai an harbe ni a ƙafa. Ga ƙafafuna nan duka biyu, mai shakka ya zo ya duba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko har ƙarshe. Amma ku sani ba labarin daɗi ba ne. Ni dai tsoro na ci na ƙoshi a tafiyar nan, kuma ba don kaina ba.

Ga wanda bai san mu ba, Yaya Ummaru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Shagari muke zaune. Ya yi shekaru a Bida yana koyon narka kwalba, ya dawo ya gina murhunsa a bayan gida. Fasassun kwalabe yake narkarwa ya fitar da ƙarau da duwatsun wuya da 'yan ƙananan kwalaben turare, ja da kore da shuɗi. Ni ba ni da wannan hannun, baki gare ni, saboda haka ni ke kai kaya kasuwa. Shi kuwa tun sanƙarau da ya yi yana yaro kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. In zai yi magana da ƙarfi yake yi, kamar mai kiran wani daga can ƙarshen gona, kuma ban da Hausa da ɗan Nufanci ba ya jin yaren kowa.

Wata Bayarabiya ce ta jawo tafiyar, sunanta Bisi, ta yi bautar ƙasa tana koyarwa a Bodinga, kuma ta saba sayen kayanmu. Bayan ta koma gida ta dinga kirana a waya. Wai akwai wani taro a Ikko na masu son fina-finan zane da wasannin waya, kowa yakan yi shigar wanda yake so a cikinsu, kuma in sun ga irin kwalaben nan rububinsu za su yi. Har ta kama mana tebur. Ta ce amma lalle mai aikin ya zo da kansa, don ranar ƙarshe akan nuna aikin hannu a gaban jama'a.

Yaya ya ce shi ba inda za shi. Ni na zauna masa, safe da yamma, har ya yarda. To tun daga ranar da ya ce "to" na fara da-na-sani. Mutumin da ko kasuwar Bodinga muka shiga sai na riƙa jan rigarsa saboda babura, shi zan kai Ikko. In aka yi masa tsawa ba zai ji ba, in aka tambaye shi ba zai gane ba, in ya ɓace ba zai iya cewa daga ina yake ba. Ciniki ya zama ƙaramar magana a wurina. Abin da nake roƙon Allah kawai in kai shi in dawo da shi da ransa.

Ƙananan kaya muka zuba a jakunkuna. Amma akwai wata fitila da Yaya ya yi tun kaka yana haɗawa, dunƙulalliya kamar furen albasa, kowane ɗan tsinke da launinsa. Ita za a nuna ranar ƙarshe. Ya shimfiɗa ta cikin ƙaiƙayin gero a wani tsohon baƙin akwatin ƙarfe, kuma da yake makullin ya lalace sai ya naɗe akwatin da wayar lantarki ya ƙulle tam.

A bakin titin Shagari muka tari doguwar motar da ke fitowa daga Sakkwato. Nan take rigima ta fara, don yaron mota ya ce akwati sai a ƙasa cikin kaya, Yaya kuma ya rungume abinsa ya ce, "Wanga bisa cinyata za ya tahi." Duk motar ta juyo saboda ƙarfin muryarsa. Aka ƙyale shi. Haka ya riƙe shi muka wuce Tambuwal, muka wuce Jega, ko gyangyaɗi ya ɗauke shi hannunsa na kai.

Bayan Yauri motar ta yi tsit. Kowa ya san halin dajin nan, ba sai an faɗa ba. Direba ya kashe waƙa, wata tsohuwa mai ƙullin daddawa da ke gabanmu ta shiga jan carbi, ni kuma ina ta leƙen taga ina ganin kowane kututture kamar mutum ne a tsugune. Ana cikin wannan shirun Yaya ya juyo ya tambaye ni, da muryarsa ta kullum, "Nan ne anka ce ana ɗaukar mutane?" Tsohuwar nan ta waiwayo ta harare mu, wani daga baya ya ce don Allah a yi masa shiru. Na dafa gwiwarsa na gyaɗa kai. Allah ya fid da mu lafiya.

A Mokwa aka tsaya salla da cin abinci, a nan na fara ɗanɗanar abin da nake tsoro. Na je sayen ruwa, na dawo na tarar mota ta tashi tana ta hon, kujerar Yaya babu kowa. Na maƙale a ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ina roƙon direba da girman iyayensa. Can na hango shi a bayan masallaci, ya ba titi baya, ya ɗora akwati a kan dutse yana gyara ɗaurin waya hankalinsa kwance. Na ruga na jawo shi. Direba ya zage mu tas, na haɗiye, don da gaskiyarsa.

Ba mu fita Najeriya ba, amma ni a wurina gadar Jebba iyaka ce sosai. Daga nan yare ya juya, rubutun shaguna ya juya, kallon da ake yi maka ma ya juya. Akwai shingen bincike kusa da gadar, aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani jami'i ya nuna akwati ya ce a buɗe. Yaya bai ji ba, yana can yana kallon ruwa. Jami'in ya maimaita da tsawa, na yi wuf na durƙusa na kwance wayar. Mutumin ya ga ƙaiƙayi ya cusa hannu zai lalube, sai kawai Yaya ya cafke masa wuyan hannu. Wallahi sai da na ji fitsari ya taho mini. Allah ya sa jami'in Bakatsine ne. Na yi masa bayani, ya leƙa a hankali ya ga gilashi, ya yi dariya. Amma da za mu tafi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka ja wa yayanka kunne. Can gaba ba kowa ne zai yi dariya ba."

A Ikko mun sauka wurin Alhaji Ɗanjumma, mutumin Dandin Mahe ne, dillalin albasa, ya daɗe a can. Ya ba mu ɗaki a saman rumbun ajiyarsa. Warin albasa ya cika ɗakin har ido na yaji, amma ni daɗi na ji, don shi kaɗai ne abin da na sani a garin. Aka kawo mana teba da wata miya mai yauƙi kamar lalo, an zuba mata jar miya a kai. Loma ɗaya na yi hawaye suka zubo, barkonon mutanen nan ba na wasa ba ne. Yaya ya kalle ni ya ture kwanon, daga ranar burodi da shayi ya koma har muka baro garin.

Alhaji ya zaunar da ni ya ce, "Attahiru, garin ga abu ukku za ka kiyaye. Kak ka yi gudu, kak ka yi ihu, kak ka bari a nuna ka da yatsa. In anka nuna mutum irinmu anka yi kururuwa, kahin a tambayi laihinai an gama da shi." Na kalli Yaya yana tsoma burodi a shayi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Na rasa yadda zan ce wa mutum kada ya yi ihu alhali haka maganarsa take.

Washegari muka bar akwati a ɗaki muka ɗauki ƙananan kaya zuwa wurin taron, wani ƙaton zaure ne mai sanyi kamar cikin firji. Tun daga layin shiga na fara karanto duk addu'ar da na sani. A gabanmu wani ne da ƙahoni irin na rago, fuskarsa ja wur. A gefensa yarinya mai shuɗin gashi har gadon baya, da fukafukai. Wani gaba ɗayansa kura ne, har da wutsiya, yana danna waya. Sai ga waɗansu sun taho cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe, kowa da bindiga a kafaɗa. Na kama hannun Yaya na ce mu juya. Muna juyawa wata koriyar halitta mai dogayen kunnuwa ta sha gabanmu ta ce, "Malam Attahiru, sannu da zuwa." Saura kaɗan in zube. Ashe Bisi ce.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta kira ɗaya daga cikin masu baƙaƙen kayan ta karɓi bindigarsa ta ɗora mini a hannu. Ba ta fi karan dawa nauyi ba, soso ne da roba aka shafa wa fenti. Ta ce duk makamin da na gani a zauren nan haka yake, doka ce. Na ce ashe dai tashe ne. Sai dai mu a gida yara ke yi da azumi, a ba su sadaka su wuce. Nan kuwa manya ne masu gemu da aikin ofis, su ɗinka kayan da kuɗinsu, su kuma biya kafin a bar su su shiga. Ba sa gaisuwa irin tamu, ba mai tambayar gida ko gajiya. Hoto shi ne gaisuwarsu, mutum ya tsaya kusa da kai ya ɗaga yatsu biyu ya wuce.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Yaya suka fi yi wa hoto. Babbar rigarsa da rawaninsa da furfurar gemunsa suka ɗauka shiga ce ya yi. Wani mai takobi ya zo ya tambayi Bisi wai shigar wa wannan dattijon ya yi, don ta yi kyau ƙwarai. Na faɗa wa Yaya a kunnen dama. Ya dubi mai takobin sama da ƙasa ya ce, "Ce mai Ummaru nike."

Ciniki kam an yi, Bisi ba ta yi ƙarya ba. 'Yan kwalaben turaren nan suka fi so, suna ɗaura musu zare suna ratayawa a wuya. Wai a wasanninsu jar kwalba maganin mutuwa ce, shuɗiya kuma ta ƙarin ƙarfi. Mai fukafukan nan ta ɗaga ja ta tambaye ni ko tana dawo da rai. Na ce a'a, 'yar nan, turare ake zubawa, rai na Allah ne. Ta saya duk da haka. Amma sayar wa wanda ba ka ganin fuskarsa aiki ne. Ni da ido nake ciniki, in ga mutum ya so abu in riƙe, in ga zai tafi in sassauta. Nan sai ka ga kan kura ya sunkuyo yana kallon ƙarau, ba ka san murna yake ko raini ba. Kuma ba sa tayi. Ka faɗi kuɗi su danna waya su ɗauka. Yini guda ban ce "albarka" ko sau ɗaya ba, har abin ya dame ni.

Da azahar muka sami lungu muka shimfiɗa ɗankwalin Bisi za mu yi salla, sai ga mai ƙahonin nan ya zo ya cire kansa ya ajiye a gefe, ya bi mu sahu. Wani saurayi ne mai ladabi, duk ya jiƙe da gumi. Daga nan hankalina ya fara kwanciya. Kafin a tashi har ni ke tare masu baƙaƙen kaya ina taɓa bindigoginsu ina yi musu wasa.

Rana ta biyu, wadda ita ce ta ƙarshe, muka zo da akwati. A ƙofa akwai wani mai gadi da ya ce ya taɓa zama a Arewa, yana da 'yar Hausarsa ta "sannu aboki, yaya aiki". Ya ga baƙin ƙarfe da waya a naɗe, ya ga rawani, fuskarsa ta canja. Bisi ta ce masa kayan nuni ne, ita ta gayyato mu, ga kuma layi ya yi tsawo ana ta turo mu daga baya. Ya bar mu muka wuce, amma na lura ya baro ƙofa ya dawo kusa da teburinmu yana ta kai da kawowa.

Can da rana aka kira gasar masu shiga, Bisi ta tafi ta hau dandamali, ta ce da an gama za a zo kan aikin hannu, mu shirya. Yaya ya jawo akwati gefen tebur ya durƙusa ya fara kwance wayar. Ni ina can ina naɗe wa wata duwatsun wuya. Sai ga wani ƙato cikin shigar mutum-mutumin ƙarfe, da ƙyar yake ɗaga ƙafa, ga alama ya gaji kuma ba ya ganin ƙasa sosai. Ya hangi baƙin abu kamar kujera, ya juya baya zai zauna a kai.

Yaya ya ture shi da hannu biyu ya kwatsa murya, "Tashi! Abin ciki za ya hwashe!"

Ku da kuke jin Hausa kun san abin da yake nufi. Kwalba fashewa take yi, ƙwai ma fashewa yake yi. Amma mai gadin nan Hausarsa ba ta kai nan ba. Shi wuri ɗaya ya san kalmar, a labaran rediyo. Na ga ya tsaya cak, ya maimaita a hankali, "Fashe?" Sannan ya nuna Yaya da yatsa ya kurma ihu da kalmar da kowa a ƙasar nan ya sani ko da wane yare yake ji. Ya ce bam.

Ban taɓa ganin mutane sun watse haka ba. Tebura suka kife, aka bangaje ni na faɗa ƙarƙashin namu, wani ya taka mini hannu. Ina jin kururuwa da ƙarar takalma, ina kiran Yaya, muryata ko ni ba na ji. Da na samu na rarrafo na miƙe, tsakiyar zauren ta zama fili, ba komai sai fukafukai da ƙahoni da takubban soso a warwatse. Yaya na tsaye shi kaɗai. Ya ɗauke akwati ya rungume a ƙirji don kada a tattake, wayar da ya fara kwancewa tana reto a ƙasa.

Sai ga waɗansu sun shigo da gudu cikin baƙaƙen kaya da bindigogi, suka yi masa zobe daga nesa. To ga inda kwana biyun nan suka cuce ni. Na ɗauka 'yan wasan nan ne. Har na ɗaga musu hannu ina murmushin yaƙe, ina cewa da guntun Turancina yanzu ba lokacin wasa ba ne. Ɗayansu ya ja wani abu a jikin bindigarsa, na ji ƙaras. Soso ba ya wannan ƙarar. Nan na gane jami'an tsaro ne na gaske.

Suna ta daka masa tsawa ya ajiye, ya kwanta. Shi bakuna kawai yake gani suna motsi. Yana ta waige-waige yana nemana, ya ƙara ƙanƙame akwatin. Na ce, "Yaya, aje shi ƙasa." Amma ina ta wajen mataccen kunnen. Da idonsa ya faɗo kaina sai ya ce, yadda duk zauren zai ji, "Attahiru, hana su matsowa, za ya hwashe."

Mai gadin yana bayan jami'an, na ji ya juya musu maganar da Turanci. Bakunan bindigogi suka ƙara ɗagowa. Ni kuma tsoro ya kwashe mini hankali, na buɗe murya iyakar ƙarfina na ce, "Sake shi, Yaya, bari shi hwashe." Kafin in rufe baki na gane abin da na faɗa. Mai gadin ya juya wannan ma. Yanzu mun zama mu biyu, ɗaya na riƙe da abu, ɗaya na ba shi umarni.

Akwai wani yaro-yaro a cikin jami'an, shi ya fi kusa da Yaya. Ina ganin yatsansa, ina ganin bakin bindigar na rawa. Na san ko tari Yaya ya yi an gama. Ba wata dabara da ta zo mini, kuma kada wani ya ce jarumta ce, don ina tafiya ina jin kamar ƙafafun ba nawa ba ne. Na ɗaga hannuwa sama na taka a hankali har na shiga tsakaninsu, na ba bindigogin baya. Tsakiyar bayana ta yi sanyi, ina jiran abin da zai shige ta. Na isa gaban Yaya. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa hannu ba. Na haɗa hannuwana biyu na doke damatsansa da duk ƙarfina.

Akwatin ya faɗi ta gefe, murfin ya wangale. Ƙaiƙayi ya tashi, fitilar ta fito ta daki siminti ta tarwatse, ja da kore da shuɗi suka bazu har ƙarƙashin takalman jami'an. Duk suka zube ƙasa suka rufe kai. Aka yi shiru, ba abin da ke motsi sai wani ɗan guntun gilashi da ke ta juyawa. Daga nan sai na ji an danne ni, gwiwar wani a wuyana, kuncina a kan ƙaiƙayi. Na juya ido na ga Yaya shi ma an kwantar da shi, rawaninsa ya warware, amma yana numfashi. Kuka ya ƙwace mini a wurin.

Bisi ce ta fara ratso su, dogon kunnen shigarta ɗaya ya faɗi, koren fenti ya dame da hawaye, tana ta zuba Yarbanci. Aka kai mu wani ɗaki aka yi ta tambaya. Ta kira Alhaji Ɗanjumma ya zo da mutanensa. Mai gadin ya dage shi dai da kunnensa ya ji an ce zai fashe, kuma bai yi ƙarya ba. Sai da wani babban jami'i ya zo, wanda ya ji Hausa sosai, ya tambaye shi, "In tulu ya faɗi, me yake yi?" Nan mai gadin ya gane irin fashewar da Yaya ke nufi. Kafin magariba aka sake mu, har da ba da haƙuri. Ban riƙe mutumin a zuciya ba, shi ma tsoro ne ya kama shi kamar kowa.

Yaya bai ce uffan ba, a ɗakin tambaya ko a gidan Alhaji. Bisi ta tattaro gutsattsarin fitilar a leda ta kawo, ko kallo bai yi ba. Da muka shiga motar dawowa sai ya zaɓi kujerar da mataccen kunnensa zai kasance ta wajena. A Ibadan na zagaya na ce masa ya yi haƙuri, na san wahalar da ya sha a kan fitilar nan. Ya kau da kai. A Jebba na sake gwadawa, na ce zan tara masa kwalabe ya yi wata. Ya rufe ido. Na sayo masa shayi a Kontagora, ya karɓa ya sha, bai dube ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata wato gilashi ya fi masa ni.

Da hantsi muka sauka a bakin titin Shagari. Na tsayar da mai a-daidaita na fara loda jakunkuna. Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an juyo ni. Yaya ne, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Kai kana tsammanin hitila ta dame ni?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Kwalba ta ƙare a duniya? Daga baya na gane bindigogin ga na gaske ne. Na ga in na duƙa za su harba, in na saki za su harba. Na yi shahada, na gama shirina. Ni na tsuhwa, ɗiyana sun girma. Kai naka ko makaranta ba su ƙare ba. Sai in buɗe ido in gan ka tsakanina da su?"

Na ce, "Yaya, ni na kai ka."

Ya girgiza ni. Ya ce, "In ka sake shiga gaban bindiga don ni, Attahiru, ban yahe maka ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Bai sake ni ba, ni ma na riƙe hannun rigarsa. Muka tsaya nan a bakin titi, manya biyu da furfura, har mai a-daidaita ya gaji da jira ya sauke mana jakunkunanmu ya tafi.